Mai Kiwon Kirinjijiya

Sa'ad da muke yara a ƙasar Kazaure, fito ba abin wasa ba ne. In ka kuskura ka yi shi a cikin gida, kafin ka rufe baki ludayin kakarka ya sauka a ƙeyarka, ta ce kana kira mata baƙin da ba ta gayyata ba. Makiyayi kaɗai aka yarje wa, shi ma sai a daji, a bayan dabbobinsa. Yau kuwa ko'ina fito ne. Ɗan acaɓa yana yi, yaron mota yana yi, wayar hannu ma in saƙo ya shigo fito take yi, har a sahun gaba na masallaci, kuma babu mai waiwayawa. Ban ce mutanen da sun fi na yanzu hankali ba. Ni kaina na daɗe ina yi wa tsofaffi dariya a kan wannan, kuma har gobe akwai abin da ban yarda da su a kai ba. Amma abin da zan gaya muku, wallahi tallahi da ni ya faru, da rana tsaka-tsakin la'asar da magariba, idona biyu, ban sha komai ba, ba zazzaɓi nake yi ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, ba roƙonsa nake yi ba.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin haƙa rijiyar burtsatse da gyaran injin ban-ruwa, aikin ya kai ni Borno har bakin Tafkin Chadi, ya kai ni Difa da Damagaram da Yamai, na zauna a Marwa ta Kamaru, na gangara kudu har inda ake cin doya safe da yamma. Fillanci a nono na sha shi, Barbarci da Zabarmanci da Larabcin Shuwa a hanya na tsince su, Faransancina kuwa na kasuwa ne, amma ba a sayar da ni da shi. To duk inda na je, muddin akwai ruwa kwance da ciyawa, sai na tarar da tsuntsuwar nan da muke kira kirinjijiya. Ga wanda bai san ta ba, agwagwar daji ce mai dogayen ƙafafu, fuskarta fara kamar an shafa mata alli, kuma ba ta kuka irin na agwagwa, fito take yi siriri, gaɓa uku, na ukun ya fi tsawo. Maharba wishiwishi suke ce mata saboda kukan. Turawan da na yi aiki da su, na Ingila da na Faransa, kowanne da harshensa agwagwa mai fito yake kiranta. Kowa da kunne ya raɗa mata suna, ba da ido ba.

A wani tsibiri na Chadi wani tsohon masunci ya koya mini kiranta. Ba a sa yatsa a baki, harshe ake lanƙwasawa a bayan haƙori. Ka kafa ragarka a bakin ruwa, ka kwanta cikin ciyawa, in garke ya taso ka yi musu kukansu, sai su karyo su sauka inda kake so. Na iya sosai, har tsohon yana cewa na fi 'ya'yansa. Aibu ɗaya ne: hannun inji ya taɓa fizgewa ya cire mini haƙorin gaba, don haka gaɓata ta uku takan fita da 'yar karyewa a ƙarshe, kamar mai shaƙuwa. Tsuntsayen ba su taɓa damuwa da wannan ba. Can babu wanda ke ganin laifin kiran, abinci ake nema.

Da ƙarfi ya fara raguwa na ajiye aiki, na dawo ƙauyen mahaifiyata tsakanin Roni da Gwiwa, ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa ba su ba ni izini ba. Akwai gonar fadama ta gado a bakin wani tafki da ke gindin duwatsu, na gyara ta na zuba shinkafa. Wannan shinkafar ita ce abincin gidana na shekara, ba ni da wata gona, ba ni da albashi kuma. Ga shi duk garin an zuba mini ido, ana jiran a ga yadda noman ɗan yawon duniya zai ƙare.

Maƙwabcina a fadamar Malam Bukar ne, Babarbare, kakansa ne ya zo daga gabas, sa'ana ne kuma abokin wasana, tunda Bafillatani da Babarbare ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Kullum ya gan ni cikin taɓo sai ya ce, "Kai Bafillatani, me ya haɗa ka da shinkafa? Koma ka ɗauki ƙwaryar nono, kada ruwa ya tafi da kai, ga ka kamar kara." Ni kuma in ce, "Yi mini shiru, bawan kakana, zo ka riƙe mini takalmi."

Shinkafa ta yi kyau, masha Allahu, ta fitar da kai, ta fara sunkuyawa. Sai kirinjijiya ta iso. Jama'a, na ga garke a Chadi, amma na tafkin nan ba ƙarami ba ne, in sun taso da yamma sai ka ce an ja baƙin mayafi a sama, suna fito gaba ɗaya. Gonata kuwa ita ce ta fi kusa da ruwa. Cikin kwana huɗu suka kwantar mini da kusurwa guda, abin da ba su ci ba sun tattake.

A nan ne Bukar ya gaya mini al'adar wurin. Ya ce kowane manomi yakan bar kunya biyu na bakin ruwa, ba ya tsaronsu, ba ya girbe su, rabon kirinjijiya ne. Sauran gonar ka kore su da gwangwani, da majajjawa, da ihu, duk an yarda. Abu biyu ne ba a yi: ba a kama su, kuma ba a fito a bakin tafkin nan, ko da wasa. Na ce, "To ku da kuke barin kunya biyun, sun tsaya a kunya biyun?" Ya sosa ƙeya ya ce wani lokaci sukan zarce. Na ce, "Ashe haraji kuke biya, ana kuma ƙwace muku kaya." Ya ce, "Kai dai bakinka zai ja maka. Je ka ga Sarkin Ruwa."

Na je. Sarkin Ruwan tsoho ne tukuf, ya san mahaifiyata tun tana budurwa, don haka ɗan Dije yake kirana. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Baba, ranka ya daɗe, shinkafata za ta ƙare. Na iya kiran tsuntsayen nan, in na kama ashirin a raga sauran za su bar mana tafkin, haka ake yi a gabas." Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Ɗan Dije, kai Bafillatani ne. In kana kiwo, wani ya ɓuya a daji ya kwaikwayi kiranka ya janye maka shanu, me za ka yi masa?" Na ce sanda za ta yi magana. Ya ce, "To waɗannan ma da mai kiwonsu." Na ce, "Wane ne?" Ya ce bai taɓa tambaya ba, ubansa ma bai tambaya ba. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, na ce, "Baba, in da makiyayi, ai magana ta zo da sauƙi. A ko'ina na je a duniya, in dabbobi suka shiga gona, makiyayi ne mai laifi, ba mai gona ba." Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na dai gaya maka. In ka yi aka amsa, kada ka ƙara."

Mai ɗakina, Hajiya Rabi, da ta ga ina ɗinke tsohuwar ragata a tsakar gida, ta ce, "Alhaji, kunya biyu ne fa." Na ce ba kunya biyu ba ne, rabin gona ne ya kusa tafiya, in ta tafi me za ta dafa? Ta ce, "Na gwammace in dafa rabi da mijina a zaune." Na ce ta ajiye albasa da barkono, gobe naman agwagwa za a ci.

Washegari bayan la'asar na tafi. Ranar kasuwa ce, fadamar babu kowa, Bukar ma ya tafi sayar da akuya. Na kafa raga a wani ɗan tudu can gefe da gonata, na shiga cikin ciyawar ruwa na tsuguna, ruwa ya kawo mini gwiwa. Rana ta yi sanyi amma da sauranta sosai, ina ganin komai tar, har akuyoyin da ke kan dutse.

Can sai ga su sun taso daga ɗaya gefen tafkin, sun nufo gonata. Na lanƙwasa harshe na saki kira. Allah Sarki, abin da ka iya ka iya, nan take goshin garken ya karya ya juyo wajena kamar an ja shi da igiya, har na fara murmushi ina cewa ina ma Bukar yana nan.

Sai na ji an amsa.

Daga tsakiyar tafkin ne, inda ciyawa ta yi duhu. Fito ɗaya, gaɓa uku, ya fi na kowane tsuntsu kauri, kuma ba ƙarfi aka sa ba, a hankali aka yi shi irin na wanda ya san za a ji shi. Garken nan gaba ɗaya ya yi kwana ya koma. Na ce a raina duwatsu ne ke mayar mini da murya. Amma na yi aiki cikin duwatsu, na san amsa-kuwwa, ba ta jira sai ka gama murmushi, kuma ba ta fitowa daga cikin ruwa. Na ce to wani maharbi ne ya riga ni. Na tuna maganar tsoho sarai, ba mantawa na yi ba, kada wani ya ce mantuwa ce. Na dubi shinkafata, na cika ƙirji na ƙara.

Suka juyo. Aka amsa, suka koma. Na ƙara, aka amsa. Wallahi haka muka yi ta jan tsuntsayen nan a sama kamar mutum biyu suna jan zane ɗaya, su yi nan su yi can, har suka rikice suka fara kewaya wuri guda. Abin da na lura, duk amsa tana matsowa. Ta farko daga tsakiyar tafki, ta huɗu daga bakin gonata, ta biyar kuwa tsakanina da ita bai fi jifa da dutse ba, kuma fili ne a wurin, ruwa ne kwance, babu abin da ko kyanwa za ta ɓuya a bayansa. Babu kowa.

Amsa ta shida ce ta sa gashin jikina ya tashi. Gaɓa ta uku ta fito da karyewar nan tawa, ta gibin haƙorina, daidai wa daida, har 'yar shaƙuwar ƙarshe. Inna lillahi! Na buɗe baki zan yi na bakwai, ban kai ga sakin iska ba aka yi shi a madadina, da muryata, tun kafin in yi.

Sai garken ya sauko. Ba kan raga ba, ba cikin gona ba, kewaye ni suka yi. Sun sauka a ruwa ta gabas da yamma da kudu da arewa, har wanda zan iya miƙa hannu in taɓa, kuma babu wanda ya yi ko ɗan cit. Duk wanda ya san kirinjijiya ya san ba ta shiru, ko tana ci tana surutu. Waɗannan sun yi tsit, sun miƙe wuya, fararen fuskokin nan duk sun juyo, amma ba ni suke kallo ba. Bayan kafaɗata ta dama suke kallo, sama kaɗan da kaina.

Na ji sanyi a ƙeyata kamar an buɗe randa, da warin taɓon ƙasan rijiya, wanda na fi kowa sani. Ruwan da ke bayana ya motsa ya bugi ƙafata sau ɗaya, irin na wanda ya gyara tsayuwa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsorata. Na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, na kai ƙarshe. Amma da na gama sai na ji wani abu ya taso mini, haushi ne, haushin mutumin da aka ci masa gona kuma aka zo ana tsorata shi a kanta. Na miƙe tsaye. Na juya, eh, na juya, ban ga komai ba sai ciyawa ta rabu biyu ta tsaya a rabe ba iska. Na ce da ƙarfi, "Ko wane ne kai, salamu alaikum. An ce kai ne mai kiwonsu. To dabbobinka sun yi mini ɓarna. Gonar nan ta uwata ce, guminta nawa ne, iyalina ke jiranta. Na kira maka garke, wannan na yi, ban musa ba. Amma kai ka fara sakin su a kaina. Ka kwashe abinka." Na faɗa da Hausa, na maimaita da Fillanci, na ƙara da Larabcin Shuwa, don ban san wanda yake ji ba. Ku yi dariya in kuna so, ni ma yanzu nakan yi.

Shiru. Ban san tsawonsa ba, na dai ga inuwar dutse ta taɓa ragata. Da na ga ba a ce komai ba, sai taurin kaina ya ce in yi kira na ƙarshe, don a san ban gudu ba. Na lanƙwasa harshe yadda na saba shekara da shekaru, na hura. Iska ce kawai ta fita, fuuu, kamar mai hura wuta. Na jiƙa leɓe na sake. Iska.

Sai fiton ya tashi daga can gaba, a bakin ciyawa mai duhu, nawa, da karyewarsa. Tsuntsayen nan suka tashi lokaci ɗaya, iskar fikafikansu ta watsa mini ruwa a fuska, suka bi shi. Aka ƙara yi daga nesa, aka ƙara daga nesa sosai, shi ke nan.

Na naɗe ragata, ban bar ta ba, kuma da tafiya na koma gida, ban yi gudu ba, ko da yake ban waiwaya ba. Hajiya ta dube ni ta dubi ragar ba komai, ta mayar da albasarta cikin kwando.

Daga ranar kirinjijiya ba ta ƙara sauka a gonata ba. Ba ita kaɗai ba, ko jan-baki, ko buwa, ko kurciya, babu tsuntsun da ya ƙara sauka. Sukan zo daidai iyakata su rabu biyu, su wuce ta gefe su sauka a na maƙwabta. Na girbe shinkafata cif, har kunya biyun bakin ruwa, ban bar ko zangarniya ba. Wasu suka ce kada a ci, Hajiya ta dafa, na fara sa hannu a gaban kowa, shinkafa ce kamar kowace shinkafa, ta kai mu har wata kakar.

Kwana uku bayan abin, Bukar ya same ni a ƙofar gida, fuskarsa ba wasa. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? An hana ka, jiya ma da yamma na ji ka kana yi a bakin tafki." Na ce jiya da yamma ina Kazaure wajen ta'aziyya, mutum goma za su shaida. Ya ce, "Kada ka raina mini hankali, Bafillatani, duk ƙasar nan wa ke da wannan fiton mai gibi in ba kai ba?" Na ce, "To tsaya ka gani." Na hura masa iska a fuska har sau uku. Ya dube ni, ya dube ni, sannan ya ce, "La'ilaha illallahu." Ya zauna a kan dakali. Can ya ce, "To ko ba komai an rage mana hayaniyarka." Amma muryarsa ba ta yi dariyar ba.

Na koma wurin Sarkin Ruwa na kwashe duka na gaya masa. Ya ce, "Shinkafarka ta tsira?" Na ce ta tsira. Ya ce, "To me kuma kake nema a wurina, ɗan Dije?" Iyakar abin da na samu ke nan har ya rasu. Na ga likita, ya duba harshe da maƙogwaro ya ce lafiyata ƙalau. Na sa haƙorin roba, na cire, duk ɗaya. Ina magana, ina karatu, ina hura shayi, kome na baki ina yi.

Akwai masu cewa in je in ba da haƙuri, in bar kunya biyu a ga ko za a dawo mini da abina. Ban je ba, kuma ba zan je ba. Wanda aka yi wa ɓarna ba shi ke ba da haƙuri ba, a wajen mutum ko a wajen wanin mutum. Har yanzu ina noma gonar, ina girbe ta har bakin ruwa, in na ji an yi kiran nan da yamma daga cikin ciyawa nakan ɗaga kai in ce, "Na ji ka," in ci gaba da aikina, duk da dai tsigar jikina ba ta taɓa fasa tashi ba.

Ku kuwa shawarata gare ku, ba na ce ku ji tsoron kowane tafki ba, ku tsare haƙƙinku ko a gaban wa. Amma in kun isa wurin da mutanensa suka ce ba a fito, ku tambayi kanku ko abin da kuke karewa ya kai a rasa wani abu a kansa. Nawa ya kai, shi ya sa ban yi nadama ba. In na banza ne, na nishaɗi, ku rufe bakinku ku wuce. In kuwa kun riga kun yi, aka amsa muku daga inda babu kowa, to ku sani ba ku san me za a ɗauka ba, kuma ba a tambayarku kafin a ɗauka.

Ni dai tun daga wannan yammacin ban ƙara yin fito ba, kuma ba tuba na yi ba. Babu shi ne a bakina.